Hayatu ɗan Sa'idu da Mahadiyyar da Ta Ɓalle daga Sakkwato

Mahadiyyar ƙasar Hausa da Adamawa jama'a ce da ta tsiro daga cikin gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa. Wanda ya jagorance ta, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, wato tattaɓa-kunnen Shehu. Ya bar Sakkwato a wajajen 1878, bayan an tsallake mahaifinsa wajen naɗin Sarkin Musulmi. Daga baya ya yi mubaya'a ga Muhammadu Ahmad na Sudan, wanda ya ce shi ne Mahadi, sannan ya kira danginsa da sarakunan daular su ajiye biyayyar Sakkwato su bi sabon shugaban. An kashe shi a 1898, amma jama'arsa ba ta watse ba. Ta rayu a hannun ɗansa har bayan da Nijeriya ta samu mulkin kai. Abin da ya raba wannan ɓaraka da sauran tawayen da daular ta gani shi ne masu ita ba su taɓa cewa sun bar koyarwar Shehu ba. Da'awarsu ita ce su ne suka riƙe ta, waɗanda ke kan gado suka sake ta.

Zancen Mahadi ya riga Hayatu zuwa duniya. Lokacin da Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ana farkon ƙarni na goma sha uku na Hijira, kuma malamai da yawa, bisa lissafin da suka tarar a littattafan magabata irin su Suyuɗi, sun ɗauka ƙarshen zamani ya ƙarato. Mutane da dama sun zaci Shehu ne Mahadin. Shi kuwa ya musanta da bakinsa da alƙalaminsa, ya kawo dalilai. Mahadi daga zuriyar Nana Faɗima zai fito, sunansa da na mahaifinsa za su dace da na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na mahaifinsa, alhali shi Usmanu ne, haifaffen Maratta. Sai dai bai rufe ƙofar ba. Ya koyar da cewa bayyanar Mahadi gaskiya ce, lokacinta ya matso, jihadin da ake yi sharar fage ne, kuma ranar da Mahadi ya bayyana wajibi ne jama'a ta bi shi. Aka kuma riƙe wata magana da ake jingina masa, cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za ta tashi ta nufi gabas, wajen Kogin Nilu, ta sadu da Mahadi a can.

Wannan koyarwa ta bar wa magadan Shehu aiki mai wuya. Halascin mulkinsu daga Shehu yake, Shehu kuma ya nuna cewa mulkin riƙon ƙwarya ne kafin mai abu ya zo. Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama na Fombina, wato Adamawa, ya umarce shi da ya sa ido kan hanyoyin Wadai da Darfur, ya riƙa aika masu leƙen labari ko Mahadi ya bayyana. A zamanin Abubakar Atiku, wanda ya yi mulki daga 1837 zuwa 1842, mutane suka fara ɗaure kaya suna kama hanyar gabas, har sai da Sarkin Musulmi ya yi shela cewa lokaci bai yi ba. A tsakiyar shekarun 1850 wani malami da ake kira Malam Dubaba ya ja dubban jama'a ya ratsa Barno ya shiga Bagarmi, aka yi yaƙi, aka kashe shi a hanya, mabiyansa suka tarwatse. Hanyar gabas ba baƙuwa ba ce ga kowa a lokacin. Ɗaya daga cikin manyan rassanta daga Kano take tashi, ta bi ta Gumel, ta Machina, ta faɗa Kukawa. Ita Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi a 1851, ya tarar da Gumel garin kan iyakar Barno ne mai babbar kasuwar kanwa. Hanyar da ke ɗaukar fatake da maniyyata ita ce ke dawo da labari, na gaskiya da na jita-jita, kuma duk shekarar da aka yi fari ko zalunci ya yi yawa, sai zancen hijira ya sake tashi.

A can Sakkwato kuma, gadon sarauta bai taɓa zama abu mai sauƙi ba. Tun rasuwar Shehu a 1817 aka samu saɓani tsakanin Bello da baffansa Abdullahi na Gwandu, sai bayan yaƙin Kalambaina suka daidaita. Daga nan sarautar ta riƙa yawo tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, masu zaɓen sarki, Waziri a gabansu, suna duba shekaru da ilimi da ƙarfin magoya baya. Babu doka rubutacciya da ta ce wane ne zai gaji wane. 'Ya'yan Bello suna da yawa, kuma kowane naɗi yana barin wani gida da ciwon rai. Aliyu Babba ya hau a 1842, Aliyu Ƙarami a 1866, Abubakar Atiku na Raba a 1873, dukansu 'ya'yan Bello. Da na Raba ya rasu a 1877, aka naɗa Mu'azu ɗan Bello, aka bar ɗan'uwansa Sa'idu, malami sananne wanda mutanensa ke ganin layi ya zo kansa. Ga ɗan Sa'idu ma'anar wannan a fili take, domin wanda ubansa bai hau ba, da wuya shi ya hau.

An haifi Hayatu a wajajen 1840, ya tashi cikin karatu kamar sauran 'ya'yan gidan. An taɓa ba shi riƙon ribaɗin Gandi, gabas da Sakkwato, amma zama bai yi daɗi ba tsakaninsa da mutanen garin, har ya bar wurin. Saboda haka lokacin da ya fita daga Sakkwato mutum ne mai kusan shekara arba'in, mai ilimi da asali, wanda ba shi da gari ba shi da sarauta. Masana tarihi irin su Muhammad al-Hajj da Martin Njeuma sun tattauna dalilin fitarsa. Wasu suna ganin takaicin gado ne ya kore shi. Mabiyansa kuwa suna cewa gabas ya nufa tun farko, yana bin abin da kakanninsa suka faɗa. Babu dalilin ɗaukar ɗaya a jefar da ɗaya. Mutumin da aka rufe wa ƙofa a gida ya fi kowa saurin ganin lalacewar gidan, kuma lalacewar da Hayatu ya yi ta kuka da ita, ta barin jihadi da son duniya a fada, Abdullahi na Gwandu ya riga shi kuka da ita tun Shehu na da rai.

Da ya isa Yola, fadar Adamawa, Lamiɗo Sanda ya karɓe shi da girmamawar da ta dace da jinin Shehu. Ya zauna 'yan shekaru yana karantarwa, almajirai suna taruwa, kyaututtuka suna shigowa, shi kuma yana sayen dawaki. A wajajen 1882 ya tashi ya nufi arewa maso gabas, ƙasar Marwa da Bogo a Kamarun yau, ya kafa sansani a Balda. Zaɓen wurin ya nuna mutum ne mai lissafi. Balda tana can ƙarshen ikon Yola, inda hannun Lamiɗo ba ya kaiwa da sauri. Tana bakin ƙasar Musgum, mutanen da Fulanin yankin suka daɗe suna fafatawa da su ba su ci su ba, kuma tana kan hanyar Bagarmi da Wadai.

A daidai wannan lokaci ne labarin Sudan ya iso. Muhammadu Ahmad ɗan Abdullahi, ɗan gidan masassaƙan jiragen ruwa daga yankin Dongola, shehi a ɗarikar Sammaniyya, ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a tsibirin Aba da ke Farin Nilu a 1881. Gwamnatin Turkawa da Misirawa da ke mulkin Sudan ta aika runduna bayan runduna, yana karya su. Birnin El Obeid ya faɗa hannunsa a Janairun 1883. A Nuwamban shekarar ya hallaka rundunar Hicks Pasha a Shaikan, ranar 26 ga Janairun 1885 kuma ya ci Khartum, aka kashe Janar Gordon. Shekarar 1300 ta Hijira ta kama ne a ƙarshen 1882, ga sabon ƙarni, ga mutum mai sunan da ruwayoyi suka faɗa, ga shi a bakin Nilu, ga nasara a kan masu bindiga. Ga wanda ya tashi da littattafan Shehu, alamun sun yi yawa.

Hayatu ya aika wa Mahadi takarda a 1883 yana yi masa mubaya'a, a madadin kansa da mahaifinsa da jama'ar Shehu. Amsa ta zo da abin da Sakkwato ba ta ba shi ba, domin Mahadi ya naɗa shi wakilinsa a kan dukan mutanen yamma da ke bin Shehu Usmanu. A takarda ɗaya, mutumin da ya rasa ribaɗin Gandi ya zama, a idon masu gaskata Mahadi, sama da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu, wanda ya hau gado a 1881. Hayatu ya shiga rubuta wasiƙu zuwa ga danginsa da sarakuna da malamai. Hujjarsa ba ta da sarƙaƙiya. Shehu ya ce a bi Mahadi idan ya bayyana, Mahadi ya bayyana, saboda haka mubaya'ar da ke wuyan kowa ga Sakkwato ta ƙare, wanda ya ƙi kuwa ya saɓa wa Shehu.

Sakkwato ba ta musa asalin maganar ba, don ba za ta iya ba. Abin da ta musa shi ne cewa wannan mutum ne, kuma wannan ne lokacin. Malaman fada suka ce alamun ba su cika ba, kuma ba a bakin Nilu ruwayoyi suka ce za a yi wa Mahadi mubaya'a ba, a Makka ne. Nana Maryamu 'yar Shehu, wadda ta ga mahaifinta da idonta kuma maganarta ke da nauyi a fada, ta rubuta wa Sarkin Kano kan masu tashi zuwa gabas, ta ce lokacin da Shehu ya nufa bai zo ba, masu tafiya yanzu a kan kuskure suke. Ɓangarorin biyu littattafai ɗaya suke buɗewa, sunan mutum ɗaya suke kira. Shi ya sa rigimar ta yi ɗaci, kuma shi ya sa ba a iya kashe ta da fatawa ba. Rasuwar Mahadi a Yunin 1885, wata biyar kacal bayan cin Khartum, ta ƙarfafa masu musu, tunda bai cika duniya da adalci ba kamar yadda aka yi alkawari. Amma daularsa ta ci gaba a Umdurman ƙarƙashin Halifa Abdullahi, Hayatu kuma ya ci gaba da biyayya gare shi.

Rayuwar Balda ta bi tsarin Ansaru, sunan da Mahadi ya ba mabiyansa. Mahadi ya soke ɗariku, ya ce zamaninsu ya wuce, don haka wanda ya shiga sai ya ajiye wuridin Ƙadiriyya da aka gada daga Shehu, ya ɗauki Ratibi, tarin ayoyi da addu'o'in da Mahadi ya tsara. Bayan sallar asuba jama'a kan zauna a jere a karanta shi da murya ɗaya, a sake bayan la'asar. Tufar Ansaru jibba ce mai faci, alamar gudun duniya, wadda ta sha bamban da manyan riguna masu aska da rawunan fada. Bawa da ɗa, Bafulatani da Bahaushe da Balaraben Shuwa, duk sunan Ansaru ɗaya suke amsawa, kuma wannan ya ja talakawa da matasan da ba su da rabo a tsohon tsari. Sai dai ba Ratibi kaɗai ya cika Balda ba. Hayatu ya kai hare-hare kan Musgum da maƙwabtansu, aka kwashi shanu, aka kama mutane bayi, ganimar kuma ta jawo mayaƙa daga ƙananan lamiɓɓen yankin. Jama'ar da ke wa'azin adalcin ƙarshen zamani ta ginu a kan wahalar waɗannan mutane, kuma tarihin Balda bai cika ba in an bar wannan a waje.

Kiran ya samu amsa mafi ƙarfi a ƙasar Gombe. Malam Jibrilla Gaini ya karɓi Mahadiyya ta hannun Hayatu, ya kafa garin Burmi kusa da Kogin Gongola, ya ƙi biyayya ga Sarkin Gombe. Sarki Zailani ya kai masa yaƙi a 1888, ya rasa ransa a dalilin wannan yaƙin. Sarakunan gabashin daular suka haɗa runduna, ba su iya cin Burmi ba. Fiye da shekara goma Jibrilla yana riƙe da yanki mai faɗi a tsakiyar ƙasar da take ta Sarkin Musulmi ce a suna.

A Adamawa, Lamiɗo Sanda ya yi ta haƙuri da Hayatu, ba ya son a ce shi ya zare takobi a kan jikan Bello. Zubairu, wanda ya gaje shi a 1890, mutum ne mai zafi, kuma ya ga arewacin ƙasarsa na zamewa daga hannunsa. Da goyon bayan Sakkwato ya ɗaura yaƙi tsakanin 1892 da 1893. A fagen fama Hayatu ne ya yi rinjaye, Zubairu ya sha da ƙyar, amma an ƙone Balda. Nasarar ba ta bar masa wurin zama ba, kuma ta nuna masa cewa dawaki da masu ba za su kai shi Sakkwato ba. Yana bukatar bindigogi.

Mai bindigogi a lokacin shi ne Rabe. Asalinsa daga kusa da Khartum yake, ya yi aiki a rundunar Zubairu Rahama, babban mai fataucin bayi da hauren giwa na Bahar al-Gazal. Da aka karya ɗan ubangidansa a 1879, Rabe ya yi yamma da 'yan ɗaruruwan 'yan bindiga, yana ci da yaƙi har ya iso Bagarmi. Ya sa wa mayaƙansa jibbar Ansaru, ya ɗaga tutocin Mahadi, amma bai taɓa amsa kiran Umdurman na ya je da kansa ba. Hayatu ya haɗu da shi, ya auri 'yarsa Hauwa, kowannensu yana ganin abin da zai samu: Rabe na son sunan gidan Shehu, Hayatu na son rundunar da za ta buɗe masa hanyar yamma. A 1893 suka auka wa Barno. Rundunar Shehun Barno Hashimi ta karye, aka washe Kukawa aka ƙone ta, aka kashe Shehu Kiyari da ya yi yunƙurin ƙwato ƙasar, Rabe ya kafa sabuwar hedikwata a Dikwa. Girgizar ta kai har yammacin Barno. Garuruwa irin su Gumel da Machina, waɗanda tun asali Kukawa suke kallo ba Sakkwato ba, suka wayi gari babu uban ɗakin da suka sani, ga Damagaram a arewa tana ƙara ƙarfi, ga Kano a kudu ta faɗa basasar Tukur da Yusufawa a wannan shekarar. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya hana fatauci da ƙasar Rabe, hanyar Kano zuwa Barno ta yi rauni.

A Dikwa ne Hayatu ya gane irin cinikin da ya yi. An ba shi girma da limanci, amma iko na hannun surukinsa. Rabe ya shagala da tara haraji da gina rundunarsa da neman albarushi, daga baya kuma da Faransawan da ke gangarowa ta Kogin Shari. Tafiyar Sakkwato ba ta zo ba. Wakilin Mahadi na dukan yamma ya zama kamar ɗaurarre a gidan mutumin da a ƙa'ida shi ya kamata ya bi shi. A 1898, Rabe ba ya gari, Hayatu ya fita daga Dikwa da iyalinsa da mutanensa, da nufin komawa wajen Jibrilla Gaini. Fadlallah ɗan Rabe, ɗan'uwan matarsa, ya bi shi da runduna. Aka yi arangama ba nisa da garin, aka kashe Hayatu. A Satumban shekarar ne kuma Turawan Ingila suka karya daular Halifa a Karari, bakin Umdurman. Rabe bai daɗe ba, Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, suka bi Fadlallah har Gujba suka kashe shi a 1901.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce tawayen ɗan sarki ne da ya mutu tare da mai shi. Zuwan Turawa ya sauya lissafin. Sun kama Jibrilla Gaini a 1902 suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai miƙa wuya ba, ya ɗauki tutar Shehu ya kama hanyar gabas. Abin da fada ta shekara sittin tana cewa lokacinsa bai yi ba, yanzu Sarkin Musulmi da kansa ya ce ya yi. Dubban mutane daga ƙasashen Sakkwato da Kano da Zazzau suka bar gonaki ana gab da shuka suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa da mata masu goyo. Garin da ya buɗe masa ƙofa a ƙarshe shi ne Burmi, garin Ansarun da Sakkwato ta sa a yaƙa. Mutanen Burmi sun kori harin farko na Turawa a watan Mayu. Ranar 27 ga Yulin 1903 Turawa suka dawo da manyan bindigogi, aka wuni ana yaƙi, aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutane, Manjo Marsh na ɓangaren Turawa shi ma ya mutu. A wannan rana masu bin Sakkwato da masu bin Mahadi a sahu ɗaya suka faɗi.

Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda suka kafa garin Mai Wurno, wanda zuriyarsu ke zaune a cikinsa har yau. A gida kuma zancen Mahadi ya koma harshen masu ƙin mulkin Nasara. Boren Satiru, kusa da Sakkwato, a Fabrairun 1906, shi ne mafi girma. Talakawa da bayin da suka gudo, da fartanya da gatari, suka kashe jami'an Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, a watan Maris kuma aka shafe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu. Satiru ba reshen Hayatu ba ce, shugabanninta daban ne, amma ta dasa wa Turawa tsoron da ya faɗa kan ɗan Hayatu daga baya.

Sa'idu ɗan Hayatu an haife shi a Balda a ƙarshen shekarun 1880, yana yaro aka kashe mahaifinsa. Ya girma cikin ragowar jama'ar a yankin Barno da Fika. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙulla hulɗa ta wasiƙa da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi da aka haifa bayan rasuwar uban, wanda ke sake gina Ansarun Sudan ta hanyar lumana, da noman auduga a tsibirin Aba da zaman lafiya da gwamnati. Da yawa daga masu yi masa noma mutanen yamma ne, waɗanda Sudan ke kira Fallata. Abdurrahman ya amince da Sa'idu a matsayin jagoran Ansaru a Nijeriya, wato naɗin da uba ya yi wa uba, ɗa ya sabunta wa ɗa. Sa'idu ya zauna a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, jama'a suka yi ta kwarara daga Gombe da Bauchi da Katagum da Adamawa, ƙauyen ya zama gari cikin 'yan shekaru. Noma ake yi da karatu da Ratibi. Amma a cikin mabiya akwai masu cewa Turawa su ne Dujal, kuma saukowar Annabi Isa ta kusa, irin maganar da ta tayar da bore a Nyala ta Darfur a 1921.

A 1923 gwamnatin mulkin mallaka ta kama Sa'idu, aka watsa Dumbulwa, aka kai shi Buea a kudancin Kamaru, ƙasar duwatsu da ruwan sama, nesa da jama'arsa. Ba a nuna ya ɗauki makami ba, kuma masanin tarihi C. N. Ubah, wanda ya bi takardun lamarin, ya kira matakin wuce gona da iri. Tsoron ya kai har gwamnati ta tura jami'inta G. J. Lethem ya bi hanyar alhazai zuwa Sudan da Jidda da Masar don ya gano inda wasiƙu da littattafai ke fitowa, rahoton da ya rubuta tare da G. J. F. Tomlinson ya fito a 1927. Sarakuna su ma ba su yi baƙin cikin tafiyar Sa'idu ba. Jikan Bello da ke da mubaya'ar dubban mutane a wajen tsarin sarauta barazana ce gare su kamar yadda mahaifinsa ya zama ga kakanninsu, kuma a shekarun da suka biyo baya karanta Ratibi a fili kan jawo wa mutum idon hukuma.

Sa'idu ya shafe fiye da shekara ashirin a Kamaru. A tsakiyar shekarun 1940 aka dawo da shi Kano, inda ya zauna ƙarƙashin sa ido, ba a sake shi gaba ɗaya ba sai 1959, shekarar da Jihar Arewa ta samu mulkin kanta ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, wanda shi ma daga zuriyar Muhammadu Bello yake. A shekarar ce kuma Sayyid Abdurrahman ya rasu a Sudan. Can Ansaru sun zama ƙashin bayan jam'iyyar Umma, har jikan Abdurrahman, Sadik al-Mahadi, ya riƙe muƙamin firayim minista sau biyu. A Nijeriya Mahadiyya ba ta zama jam'iyya ba, kuma a fagen ɗariku Tijjaniyya da Ƙadiriyya sun yi mata nisa wajen yawan jama'a, musamman a Kano. Shehu Sa'idu ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa da karɓar baƙi, bai nemi sarautar Sakkwato ba, ya rasu a Kano a 1978. Jagorancin jama'ar ya ci gaba a gidansa. Ɗansa Garba Sa'idu ya yi suna wajen tattara da fassara tsofaffin takardun Larabci na tarihin Arewa, jikarsa Asma'u Garba Sa'idu kuma ta yi bincike a jami'a kan Burmi da Satiru da Dumbulwa. Ragowar Ansaru suna nan ƙananan jama'u a Kano da Gombe da ƙasar Fika da Adamawa da arewacin Kamaru, suna riƙe da Ratibi da zumunci da 'yan'uwansu na Sudan.